Asusun ɗalibai 600 a hannun mutum ɗaya: a girka GAM ko a ci gaba da hannu?

Malam Habibu, Dambatta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda ke riƙe da Google Workspace na makaranta, wato tsarin Google da ke ba ɗalibai da malamai imel da wurin ajiyar takardu. Tamu sakandare ce ta al'umma, ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Dambatta. Ɗalibai sun ɗan haura 600, kowa da imel ɗinsa na makaranta, kuma muna kan tsarin kyauta, Education Fundamentals. Sabuwar shekarar karatu ta ƙarato, ga aiki uku sun taso ni gaba: buɗe wa sababbin 'yan JS1 asusu, su kusan 140, ɗaga kowane aji zuwa na gaba, sai 'yan SS3 da suka gama WAEC da NECO, in goge su ko in ƙyale su? Bara ɗaya bayan ɗaya aka yi a shafin adimin, kun kuwa san sabis ɗin ƙauye, ka cika suna ka danna, abu ya yi ta juyi. An ce mini akwai wani GAM da ke gama wannan da umarni ɗaya. Wa ya taɓa aiki da shi?

Sadiƙu, Dutse:
Wa'alaikumus salam Malam. Da shi nake aiki kullum. Manhaja ce ta kyauta, ba Google ne ya yi ta ba, amma ta ƙofofin da Google ya buɗe wa masu shirya manhaja take bi. Babu abin dannawa, baƙin allo ne kake rubuta umarni. Ka jera sunayen a Excel, kawunan layukan su zama imel, suna, mahaifi, sirri, aji. Ka adana shi a matsayin CSV, wato fayil ɗin jeri mai rubutu zalla, sannan ka rubuta:

gam csv sababbi.csv gam create user ~imel firstname ~suna lastname ~mahaifi password ~sirri org ~aji changepassword on

Wannan ƙaramar alama da ke gaban imel da suna ita ke ce masa ya ɗauko daga layin da ke da wannan kan. Na ƙarshen kuma zai tilasta wa yaro canza kalmar sirri a shigarsa ta farko. Ɗagin aji ma haka ne, sai dai ka sa update user a madadin create user, ka ba shi sabon rukunin, wato ajin da za a sa yaro a shafin adimin. 'Yan mintuna ne an gama.

Nura Mai Kafe, Wudil:
Injiniya ka fara ko? Mutum ya ce sabis ne damuwarsa, kai ka tura shi baƙin allo. Girka GAM ɗin kansa yini guda ne ga wanda bai saba ba: sai ka buɗe furojet a Google Cloud, ka ba da izini nan, ka kwafo lamba can, sabis ya ɗauke a tsakiya ka rasa inda ka tsaya. Malam Habibu, shafin adimin ɗin da kake kuka da shi yana da wurin loda CSV a sashen masu amfani. Ka sauke fom ɗinsu ka cika. Gida biyar ne dole: sunan farko, na ƙarshe, imel, kalmar sirri, da rukunin da za a sa yaro. Kalmar sirri kada ta gaza harafi 8. Fayil ɗin mutum 140 bai kai nauyin hoto ɗaya ba, da zarar ya hau, sauran aikin a wurinsu ake yi ko da wayarka ta mutu. Ɗagin aji ma da shi za ka yi: ka sauke jerin da ke akwai, ka canza rukuni, gidan kalmar sirri ka bar taurari huɗun (****) da za ka gani a ciki yadda suke don kada ta sauya.

Sadiƙu, Dutse:
Gaskiya ne yana yi, ban musa ba. Amma ranar da aka ce ka fito da duk wanda bai taɓa shiga asusunsa ba, ko ka cire malamin da ya tafi daga duk azuzuwan Classroom, manhajar Google ta ba da darasi da aikin gida, a nan za ka neme ni.

Malama Zulai, Ringim:
Ku dakata da gardamar kayan aiki tukuna. Malam Habibu, yaya kuke rubuta adireshin imel ɗin yaran? Don nan ne kowa ke faɗuwa, ko da GAM ko da hannu. Ni makarantar 'yan mata nake riƙewa. A aji ɗaya sai ka iske Aisha Muhammad uku, Fatima Abdullahi biyu, kuma wata a rajista Aisha, a takardar firamare A'ishatu, a gida Humaira. In ka ce adireshi suna ne da sunan mahaifi, kafin ka kai rabin jerin an fara ƙin karɓa wai akwai mai shi. Sai ka koma aisha.muhammad2, aisha.muhammad3, ka wayi gari malamin lissafi ya tura wa ta biyu sakamakon ta uku.

Mu lambar shiga makaranta muke amfani da ita, da shekarar shiga a gaba. Yarinyar da ta shigo 2025 da lamba 0147, adireshinta 25-0147. Ba ya karo da na kowa, ba ya canzawa ko an gyara mata suna kafin rajistar WAEC.

Abu biyu kuma ka kula da su a Excel. Na farko, yana cinye sifilin gaba: 0147 ya koma 147, lambar waya mai 080 ta koma 80. Sai ka mai da layin ya zama na rubutu kafin ka zuba lambobin. Na biyu, sunaye irin su Bilƙisu, Ɗayyaba, Ɗanladi. In ka adana da CSV na gama-gari, ƙ da ɗ alamar tambaya suke komawa. Ka zaɓi wanda aka rubuta CSV UTF-8. A gidan suna ana karɓar haruffan nan, amma a adireshi ba a karɓa, wani dalilin ke nan na amfani da lamba.

Malam Habibu, Dambatta:
Malama kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Namu da suna aka yi, akwai Abubakar Sani har na shida. Su Sa'idu da Mu'azu da Ya'u kuma wasu an sa musu waƙafin sama a adireshi, wasu ba a sa ba, yaro ya zo ya ce imel ɗinsa ya ƙi, ashe shi ma bai san yadda aka rubuta ba.

Sadiƙu, Dutse:
Waƙafin nan ana yarda da shi a adireshi, amma miƙaƙƙen kaɗai. Word da wasu wayoyi sukan lanƙwasa shi da kansu, ido ba ya bambancewa, kwamfuta kuwa ta ce harafi ne daban. Ka cire shi gaba ɗaya daga sababbi. Sai dai ni adireshin lamba bai kwanta mini ba, Malama. Yaro ba fursuna ba ne.

Malama Zulai, Ringim:
Ƙanena, sunanta ne ke fitowa a Gmail da Classroom, ba lambar ba. Lambar kuma ita take rubutawa a kan takardar jarrabawa tun JS1, ta haddace ta fiye da ranar haihuwarta.

Ummi, Kazaure:
Ina goyon bayan Anti Zulai. Kuma in an bi wannan hanyar, ɗagin ajin ma ya faɗi. Me ya sa rukunan za su zama JS1, JS2, JS3? Ka sa musu shekarar shiga: Shiga2023, Shiga2024, Shiga2025. Yaro yana nan a rukuninsa har ya gama, babu mai motsa shi. Waɗanda za ka taɓa duk shekara su ne masu maimaita aji, da waɗanda suka ci jarrabawar makarantun kimiyya bayan JS3 suka tafi irin su Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, da wanda aka canza wa makaranta. Ba za su wuce ka yi su da hannu ba.

Nura Mai Kafe, Wudil:
Wannan dabara ce. Amma shugaban makaranta in ya leƙa ya ga Shiga2023 zai tambaye ka aji nawa ke nan.

Ummi, Kazaure:
Sai ya yi lissafi, Yaya Nura, ai shi ya sa yake shugaba.

Sadiƙu, Dutse:
In dai za ka bar tsarin JS1 zuwa SS3, Malam, kuma ka ce rukuni guda za ka kwashe zuwa na gaba, to daga sama za ka faro. SS3 su fita tukuna, SS2 su shiga gurbinsu, haka har ƙasa. Wanda ya faro daga JS1 ya zuba su cikin JS2, ya zo kwashe JS2 ya haɗa da sababbin zuwa, kafin ya farga makaranta duka ta taru a SS3. Kwamfuta ba za ta tambaye ka ko ka tabbata ba. Kuma kafin kowane babban aiki ka fara ajiye hoton yadda abubuwa suke: gam print users allfields, ka zuba shi a fayil ka sa masa kwanan wata. In abu ya karkace da shi za ka mai da kowa inda yake.

Wani abu da ya shafi rukuni: tun Satumbar 2021, a tsarin makarantun sakandare duk wanda ba a nuna ya kai 18 ba, ƙaramin yaro ake ɗaukarsa, a taƙaita masa wasu abubuwa kamar YouTube. Ka tabbata malamai na rukuninsu daban kuma an nuna manya ne. In ka canza saiti bai kama nan take ba kada ka yi ta sake dannawa, yakan iya kai awa 24.

Nura Mai Kafe, Wudil:
Batun 'yan SS3 kuwa, ka goge su ka huta. Sun gama, sun karɓi takardar shaida, me za su yi da imel ɗin makaranta? Barin asusun da ba mai lura da shi, shi ne ɓarawo ke shiga ya riƙa tura wa mutane saƙon damfara da sunan makarantarku.

Malama Zulai, Ringim:
A'a Malam Nura. Gogewa tana da wa'adi: kwana 20 kaɗai kake da shi ka dawo da asusu, in ya wuce shi ke nan, da imel da duk abin da ke Drive ɗinsa, ma'ajin fayilolinsa, in ba ka miƙa wa wani ba. Dakatarwa kuwa tana rufe ƙofa ne kawai, kayan na nan. Tunda tsarin kyauta kuke, ba ka biyan kuɗin kowane kai, babu abin da dakatacce ke ci maka sai wurin ajiya. Tun Yulin 2022 makaranta gaba ɗayanta ake ba ma'aji ɗaya na terabait 100. Ɗalibai 600 na ƙauye, masu sayen data ta ɗari biyu, yaushe za su cika shi?

Baba Ɗanlami, Gumel:
Salamu alaikum. Ni tsohon shugaban makaranta ne, jikana ya sa ni cikin wannan zaure, ina karatu ban cika magana ba. Abin da kuke kira GAM ban san shi ba, amma na san ɗalibai. Yaron da ya gama SS3 a Yuli bai gama da ku ba. Da yawansu in sun je cibiyar rajistar JAMB aka ce su kawo imel, wanda suka sani ke nan, na makaranta. Da shi za su cike neman gurbi a jami'ar Dutse ko ta Kafin Hausa ko Bayero, da shi za su nemi tallafin karatu na jiha. Saƙon kira tantancewa can zai je. Ya manta kalmar sirrinsa ta wancan shafin, can za a turo masa hanyar gyarawa. Ku goge shi a Satumba, a Disamba uban yaro ya zo ofis da hularsa a hannu, me za ku ce masa? 'Yata Zulai, ita dakatarwar, saƙo na shiga?

Malama Zulai, Ringim:
Ba ya shiga, Baba. Dakatacce ba ya karɓar sabon saƙo, shi ma ba ya iya buɗewa. Ka gyara mini zance.

Baba Ɗanlami, Gumel:
To ashe ita ma ba ta yi ba a shekarar farko.

Ummi, Kazaure:
Sai a yi mataki uku ke nan. A buɗe rukunin Tsofaffi, a kashe musu komai a bar Gmail da Drive, shekara ɗaya. A sanar da su tun ranar walimar yaye su cewa su buɗe imel na kansu su fara komawa can. Bayan shekara a dakatar. Bayan wata shekarar a goge. Kuma gogewar ba son rai ba ce, Baba: dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ba ta yarda ka riƙe bayanan mutum fiye da buƙatar da ta sa ka karɓa ba, ta kuma nemi izinin iyaye in bayanan yara ne. Makaranta ta rubuta wa'adinta a takarda ta bi shi.

Nura Mai Kafe, Wudil:
Shekara biyu kana gadin asusun mutanen da wasunsu sun tafi Legas acaba, wasu an kai su ɗakin miji. Na ji, amma ni dai da wata shida aka ce.

Auwal, Haɗejia:
Mu Microsoft 365 muke a cibiyarmu, can kwana 30 ne wa'adin dawo da wanda aka goge. Amma ba shi ya sa na sa baki ba. Sadiƙu, ka gaya wa Malam gaskiyar rubutaccen umarni: yana tsufa. Shekaru ana aiki da kayan umarni na MSOnline da AzureAD a PowerShell, baƙin allon Microsoft, a Maris ɗin 2024 aka ayyana an daina raya su, kowa ya koma Microsoft Graph. Duk wanda ya gaji fayil ɗin umarni daga wani, bai san abin da ke ciki ba sai dai ya danna, ranar da ya daina aiki ya tsaya cik. Wanda ya rubuta kuma ya daɗe da samun aiki a Abuja. Abin da nake so a PowerShell shi ne umarni da yawa suna karɓar -WhatIf, ya nuna maka abin da zai yi ba tare da ya yi ba. In kayan aikinka ba shi da irin wannan, ka yi gwaji da asusun bogi uku kafin ka sake shi kan yara.

Ummi, Kazaure:
Akwai ta tsakiya ma, Apps Script, wurin rubuta umarni na Google. Jerin na cikin Google Sheets, umarnin na manne da shi, kuma a kwamfutocin Google yake gudana, ba a taka ba. Ka sa masa lokaci ya tashi da kansa, sola ta mutu ko sabis ya ɗauke bai dame shi ba. Sharaɗinsa kowane gudu ba ya wuce minti 6, don haka sai ka sa ya riƙa rubuta "an yi" a gaban duk sunan da ya gama, in ya sake tashi ya tsallake su. Wanda ya gaje ka ya buɗe takardar ya ga komai a wuri ɗaya.

Baba Ɗanlami, Gumel:
Maganar gado ta kawo ni tambayar da nake ta jira wani ya yi. Malam Habibu, wa ya buɗe wannan abu tun farko, kuma in yau ba ka nan, Allah ya ba ka tsawon rai, wa zai iya shiga?

Malam Habibu, Dambatta:
Wani ɗan bautar ƙasa ne ya buɗe mana, Baba, yaron kirki. Ya gama ya koma garinsu a kudu. Asusunsa na babban adimin shi nake shiga da shi, babu wani. In an nemi lambar tabbatarwa wayarsa take zuwa, sai in kira shi ya turo mini ta WhatsApp. Sunan makarantar na intanet kuma, domen ɗin, wani mai shagon kwamfuta a birni ya saya mana, duk shekara mukan tura masa kuɗi ya sabunta.

Nura Mai Kafe, Wudil:
Innalillahi.

Malama Zulai, Ringim:
Malam, ajiye zancen JS1. Wannan ne aikin yau.

Sadiƙu, Dutse:
Kada ka girka GAM a haka, Malam. Bari in faɗi dalili dalla-dalla don masu karatu su ji. Lokacin girkawa yana ajiye wasu ƙananan fayiloli a kwamfutarka, cikinsu akwai oauth2.txt da oauth2service.json. Na farkon izinin adimin ne. Na biyun, in ka ba shi wakilcin makaranta gaba ɗaya kamar yadda aka saba, yana iya shiga akwatin imel ɗin kowa da Drive ɗin kowa ba tare da kalmar sirrinsu ba, har na shugaban makaranta, kuma ba a tambayarsa lambar tabbatarwa. Yanzu ka ɗauka yana kan laftof ɗin ofis, wadda ake ba yara su buga tambayoyin jarrabawa, ake kaiwa shagon caji ranar da ba rana, ake cusa mata filashin kowa. Wanda ya kwafi fayil ɗin nan ya kwashi makarantar. Ga shi kuma za ka ɗora shi a kan asusun mutumin da ba ma'aikacinku ba.

Abin da za ka yi yau, tun yana ɗaga waya: ka shiga, ka buɗe asusu sabo na aikin adimin kaɗai, daban da wanda kake koyarwa da shi, ka ba shi matsayin babban adimin. Ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu da Google Authenticator, don ita ba ta buƙatar sabis, lambar a cikin wayar ake ƙirƙirarta, agogon wayar dai ya zama daidai. Ka fitar da lambobin ko-ta-kwana, guda 10 ne, kowace sau ɗaya take aiki. Ka fita, ka shiga da sabon ka tabbatar yana yi. Sannan ka sauke na ɗan bautar ƙasan. Ka duba imel da lambar wayar farfaɗo da asusu ma, ka canza su.

Auwal, Haɗejia:
Kuma kada a dogara da saƙon tes. Kun ga layukan da aka rufe a 2024 kan rashin haɗa su da NIN. Layin da ya daɗe a ajiye ma kamfani na iya sayar wa wani. Yaron nan ya canza layi kawai, ba da mugun nufi ba, kun shiga uku.

Nura Mai Kafe, Wudil:
Injiniya da bakinsa ya ce kada a girka. A rubuta ranar.

Sadiƙu, Dutse:
Na ce kada a girka a haka. In an gyara gida zan zo da kaina in girka masa, a kwamfutar da ba ta yawo.

Baba Ɗanlami, Gumel:
Kun zuba hatsin gari a rumbun da makullinsa ke aljihun baƙo. Amma ku lura, abin da Sadiƙu ya faɗa ya fitar da makullin daga hannun baƙo ne ya sa a hannun Habibu shi kaɗai. Malamin makarantar al'umma yau yana nan, gobe ya sami aikin gwamnati an tura shi Doguwa. Dole a sami na biyu.

Malam Habibu, Dambatta:
Nan ne nake jin tsoro, Baba. Shugabanmu dattijo ne mai amana, amma wayarsa 'ya'yansa ke riƙe da ita rabin yini. In na ba shi babban adimin, wata rana yaro garin neman wasa ya goge rukuni guda.

Malama Zulai, Ringim:
Ba a wayarsa za ka sa ba. Mu ga yadda muka yi. Akwai asusun babban adimin na biyu da ba wanda ke shiga da shi kullum. Kalmar sirrinsa da lambobin ko-ta-kwana suna cikin ambulan, an liƙe, ni da shugabar makaranta da shugaban kwamitin iyaye mun sa hannu a kan bakin. Tana cikin kabad ɗin ƙarfe tare da takardun sakamakon WAEC. Farkon kowace shekara a buɗe a gaban mu uku, a gwada, a sauya, a sake liƙewa.

Nura Mai Kafe, Wudil:
Ambulan dai? Hajiya, masinja da ruwan zafi ya buɗe ta ya mayar.

Malama Zulai, Ringim:
In ya shiga za a gani. Duk abin da adimin ya yi yana rubuce a kundin ayyuka na shafin, da lokaci da asusun da ya yi, har na wata shida baya, kuma kana iya sa a turo maka saƙo idan an taɓa manyan saituna. Kawo mini wadda ta fi ta a ƙauyen da banki mafi kusa sai an hau mota.

Sannan, Malam Habibu, abin da zai rage maka wahala ba GAM ba ne. Yawancin aikin adimin a makaranta "Malam na manta fasuwod" ne. Akwai ƙaramin matsayi da ake kira Help Desk Admin, mai shi yana iya sauya wa ɗalibi kalmar sirri amma ba ya iya goge kowa, kuma za ka iya tsare shi a rukuni ɗaya. Ka ba malaman aji, kowa da nasa. Takardun makaranta kuma, jadawali da sakamako da tambayoyi, a kwashe su daga Drive ɗin mutane a zuba a Drive na tarayya, wanda makaranta ce mai shi. Ka fara duba na ɗan bautar ƙasan kafin ka taɓa asusunsa, ina kyautata zaton rabin takardunku da sunansa suke, har da azuzuwan Classroom da ya buɗe.

Sadiƙu, Dutse:
Domen ɗin kuma shi ne tushe, ya fi adimin ɗin ma. In kun rasa duk wata hanyar shiga, Google zai ce ku tabbatar ku ne masu domen ta hanyar ƙara wani rubutu a saitin DNS, wato saitin da ke nuna inda domen ɗin ya dosa. Wanda ke riƙe da wannan saitin shi ke iya karɓar makarantar. In kuma ya manta bai sabunta ba, imel ɗin kowa ya tsaya rana ɗaya. Ka je wurinsa da takardar makaranta mai hatimi, a mai da rajistar da sunan makaranta, ku karɓi shigar shafin da ake sabuntawa. Imel ɗin da za a sa a rajistar kada ya zama na domen ɗin kansa, don in ya mutu saƙon gargaɗin ma ba zai iso ku ba. Mai .sch.ng ne ko .com?

Malam Habibu, Dambatta:
.com.ng ne.

Sadiƙu, Dutse:
To ƙarƙashin NiRA yake, ƙungiyar da ke kula da domen masu .ng, ta hannun ɗaya daga cikin dillalan da ta amince da su. Ka tambaye shi wanne ne, da ranar ƙarewa.

Nura Mai Kafe, Wudil:
Ka je da lalama, Malam. Irinmu ne, ba cuta ya nufa ba, yawanci duk kwastomominsa a asusu ɗaya ya tara su don sauƙi. Ka ce kwamiti ne ya nema, kada ya ji kamar ana tuhumarsa.

Tunda an dawo hanyata ta CSV, ga guzuri. Wata makaranta ta kawo mini buga 'yan takardun kalmar sirri da za a raba wa yara. Malaminsu ya yi dabara, ya sa Excel ya ƙirƙiro lambobi da RANDBETWEEN don kowa ya sami tasa daban, abin yabo, ya fi a ba aji guda kalma ɗaya su riƙa shiga na juna. Ya loda, sannan ya kawo mini fayil ɗin. Shi kuwa wannan lissafin duk buɗewa sabuwar lamba yake fitarwa. Muka buga, muka yanka da almakashi, aka raba, ko ɗaya bai shiga ba. Da ka ƙirƙiro su, ka kwafe ka manna a matsayin lambobi tsagwaronsu, sannan ka loda kuma ka buga daga fayil guda. In an gama rabo a goge fayil ɗin, kada a bar shi a kwamfutar shago, har da tawa.

Malam Habibu, Dambatta:
Ga inda aka kwana. Sabon babban adimin ya tashi, Authenticator na aiki, na ɗan bautar ƙasan na sauke shi zuwa asusun malami, ban goge ba don kuwa kundin sakamakon shekara biyu a Drive ɗinsa yake, kamar yadda Malama ta hango. Shugaba ya yarda da ambulan, ya ce limamin gari ne zai zama na ukun sa hannu. 'Yan SS3 sun koma Tsofaffi. Sababbi da lamba za a yi musu, rukuninsu Shiga2025, tsofaffin azuzuwa na bar su yadda suke har su ƙare. Mai shagon ya ce in zo ranar Asabar.

Na gwada loda asusun bogi uku ta hanyar Malam Nura, duka ukun an ƙi, wai ba a sami rukunin ba. Ga abin da na rubuta a gidan: Ɗalibai/Shiga2025

Sadiƙu, Dutse:
Abu biyu. Sai ka fara da karan tsaye mai jirge a gaba, /, don daga tushe ake ƙirga hanyar. Sannan ka duba yadda aka rubuta uwar rukunin a shafin adimin, ina zargin Dalibai ne da D mara ƙugiya, tunda ba Bahaushe ya buɗe ba. Harafi da harafi sai sun dace. Kuma Shiga2025 ɗin sai ka fara ƙirƙirarsa da hannu, lodin ba ya buɗe rukunin da babu.

Malam Habibu, Dambatta:
D mara ƙugiya ne. Na gyara, ukun sun shiga.

Ummi, Kazaure:
Ka shiga da ɗaya daga cikinsu a wayar wani, ka ga ko ya nemi a canza kalmar sirri kuma Classroom na buɗewa, kafin ka loda 140 ɗin.